Yadda Ake Kurkure Baki da Haidirojin Ba Tare da Ka Ƙona Dasashinka Ba

Akwai wata 'yar kwalba mai duhu da kusan kowane kyamis yake ajiyewa kusa da auduga da sifirit da aidin, mu dai haidirojin muke ce mata, cikakken sunan kuma haidirojin feroksaid. Yawancinmu wajen wankin ciwo muka san shi, yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa a tsiyaya masa, wurin ya yi ta kumfa yana ihu. To shi wannan ruwan ana kurkure baki da shi, kuma yana da amfani, likitocin haƙori da kansu suna rubuta wa mutum shi, amma fa yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce mutane ba sa faɗa maka idan sun ce "je ka sayi haidirojin ka kurkure."

Ni ma haka aka yi min. Shekarun baya dasashina ya kumbura ta ƙasa, duk sanda na goge baki sai na tofar da jini, wani bawan Allah da muke zama tare ya ce ai haidirojin ne maganinsa, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa min, shi dai bai ce a sirka da ruwa ba ni kuma ban tambaya ba. Na cika murfi na kurɓa. Kafin in ƙirga goma bakina ya cika da kumfa har tana fitowa ta gefen leɓe, ga wani raɗaɗi kamar na tauna barkono tsiduhu, da na tofar na duba madubi sai na ga dasashin ya koma fari fat kamar an goga masa alli. Farin ya ɓace kafin yamma, amma kwana uku ko shayi sai ya huce nake iya sha, miya mai yaji kuwa ba a magana. Daga baya ne na juya kwalbar na ga an rubuta 6%, kuma tun daga ranar duk wanda na ji yana ba wani wannan shawarar sai na tsoma baki.

Don haka kafin komai, juya kwalbar ka karanta lambar da ke jiki. Duk maganar a kan lambar nan take. Za ka ga ɗayan biyu a kyamis, ko 3% ko 6%, wani lokacin kuma maimakon haka sai su rubuta 10 vol ko 20 vol, to 10 vol shi ne 3%, 20 vol shi ne 6%. A Amurka na 3% ne ya fi yawa a shaguna, shi yasa idan kana kallon bidiyoyinsu za ka ji suna cewa rabi haidirojin rabi ruwa, kai kuma wanda ke hannunka mai yiwuwa na 6% ne irin ma'aunin Ingila, ka ga idan ka bi lissafinsu ka haɗa abin da ya ninka nasu ƙarfi kenan ba ka sani ba. Idan kwalbar ba ta da lamba, ko takardar ta goge, ko an juye maka shi a wata roba daban, dan Allah bar shi, kar ya shiga bakinka. Ka duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kake, ka duba ranar da zai lalace.

Akwai kuma wanda ba na baki ba ne sam sam, kuma 'yan uwana mata ku ne kuka fi haɗuwa da shi, wato wanda ake haɗa rinin gashi da shi a salun, 30 vol da 40 vol, 9% da 12% kenan, ban da sauran sinadaran da aka zuba a ciki saboda gashi. Sunansu ɗaya da na kyamis amma aikinsu daban. Sai na masana'antu mai 30% ko 35% wanda wasu ke tallarsa a intanet wai na abinci ne, wai ana ɗiga shi a ruwa a sha yana wanke jini. Ƙarya ce mai kisa. Ɗigonsa a fata yana ƙonawa, balle a maƙogwaro.

To nawa ake so ya zama a baki? 1.5% ko ƙasa da haka. Wannan shi ne ƙarfin da kamfanoni ke haɗa nasu na kurkure baki da shi, misali Peroxyl na Colgate 1.5% ne. Lissafin ba wuya. Idan naka 3% ne, awo ɗaya na haidirojin awo ɗaya na ruwa. Idan 6% ne, awo ɗaya na haidirojin awo uku na ruwa. Uku fa, ba ɗaya ba. Ni na fi son sirinji, sabo fil wanda ba a taɓa amfani da shi ba, a cire allurar a jefar inda ya dace, sai ka zuƙi mil 5 na mai 6% ka zuba a kofi, ka zuƙi mil 15 na ruwa ka ƙara, ka samu mil 20 kenan, ya ishe ka har da saura. Mai 3% kuma mil 10 da mil 10. In babu sirinji, ɗan murfin awo da ke zuwa da maganin ruwa na yara yana da layin mil 5 da mil 10, wanke shi tas ka yi amfani da shi. Cokali ma zai yi in dai cokali ɗaya ka auna duka biyun da shi, amma awon ido kam a'a, ido yana ruɗi musamman da asuba ko cikin dare da ciwo ya dame ka kana sauri. Kuma in ka ga ruwan ya ɗan yi yawa ba komai, a Ingila ma umarnin da ake bayarwa kan mai 6% shi ne mil 15 a cikin rabin kofi na ruwan ɗumi, wanda ya fi wannan haɗin namu sauƙi ma. Gara ruwa ya yi yawa da haidirojin ya yi yawa.

Ruwan ya zama mai tsabta, wanda za ka iya sha, na leda mai kyau ko wanda aka tafasa ya huce. Mai ɗumi kaɗan ya fi daɗi a baki idan haƙoranka na tsami da ruwan sanyi, amma ba mai zafi ba. Kofin gilashi ko na roba, kuma iya wanda za ka yi amfani da shi a lokacin za ka haɗa, ba a haɗawa a ajiye na gobe, da zarar an sirka shi an bar shi a buɗe ƙarfinsa tafiya yake.

Ka fara goge bakinka tukuna, da buroshi da makilin ko da asuwaki, a hankali ba da ƙarfi ba tunda dasashin dama ciwo yake, ka kurkure da ruwa zalla kumfar makilin ta fita. Sannan ka kurɓi kamar mil 10, wato cokalin shayi biyu, kar ka cika baki dam domin kumfa za ta taso tana buƙatar wuri. Ka yi ta juya shi kamar yadda kake kurkurar baki a alwala, kumatun dama, kumatun hagu, ka tura shi tsakanin haƙora, in akwai inda ke maka ciwo ka karkatar da kai ruwan ya kwanta a wurin. Minti ɗaya. Ka duba agogon waya, domin minti ɗaya da abu mai ɗanɗanon ƙarfe a baki yana da tsawo, kuma wasu sukan ga tunda ba zafi bari su kai minti biyar, ba a buƙatar haka. Ka sunkuyar da kai ƙasa kaɗan, kar ka ɗaga shi sama kana kurkurar maƙoshi da shi sai in likita ne ya ce, a nan ne ake haɗiyewa ba a sani ba. Ka tofar duka, ka sake tofarwa, in ɗanɗanon ya dame ka ka bi da ruwa. Za ka ji ɗan tsikari kaɗan, wannan ba komai, amma in raɗaɗi ne sosai tofar nan take kar ka daure, dauriya ba ta da lada a nan.

Sau biyu zuwa uku a rana, bayan cin abinci da kuma kafin kwanciya. Kwana bakwai ne iyaka. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu bayan ta lamba, kuma ita ma ana yawan karya ta, domin mutum zai ji bakinsa ya yi wasai warin ya ragu sai ya mai da shi na kullum kamar makilin. Idan aka daɗe ana yi fatar cikin baki tana laushi ta riƙa saɓulewa, haƙora su fara tsami, sannan akwai wani abu da ke samun harshe, 'yan tsirorin da ke samansa su yi tsawo su yi duhu har ka ga kamar gashi ya fito a kan harshen, baƙi ko ruwan ƙasa. Ba ya kisa kuma yana tafiya in an daina an riƙa goge harshen, amma wanda ya gan shi a madubi sai hankalinsa ya tashi. Banda haka bakin mutum akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a ciki, shi kuma haidirojin bai san na gida ba bai san baƙo ba.

Masu azumi, ku bar shi sai bayan buɗa baki ko lokacin sahur kafin alfijir. Kumfar tana da saurin zarcewa, kuma warin bakin mai azumi yawanci bushewar yawu ce ke kawo shi, ba abin da haidirojin zai gyara ba ne.

Bari in ɗan tsaya kan kumfar nan don akwai fahimtar da ta yaɗu wadda ba daidai ba. Mutane suna cewa in ya yi kumfa to ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, in kumfar ta yi yawa to cutar ce ta yi yawa, har wani zai yi ta maimaitawa wai sai ta daina kumfa. Ba za ta daina ba. Shi haidirojin feroksaid kusan ruwa ne, bambancinsu iskar oksijin guda ɗaya da ta ƙaru a jikinsa, shi yasa ake rubuta ruwa H2O shi kuma H2O2, wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Louis Thénard ne ya gano shi tun 1818. A cikin jininmu da naman jikinmu akwai wani sinadari da ake kira katales, da zarar haidirojin ya taɓa shi sai ya fasa shi gida biyu, ruwa da iska, iskar ce kumfar da kake gani. Ko lafiyayyen nama ne in dai akwai ɗan jini zai yi kumfa. Kana iya gwadawa a kicin, yanka ɗanyen dankalin turawa ko ɗan guntun ɗanyar hanta ka ɗiga a kai, za ka ga ya yi fari da kumfa alhali ba wata cuta a jiki. Wannan gwajin ma shi nake yi in na samu tsohuwar kwalba a gida, in na ɗiga a kan dankali bai motsa ba to ya riga ya zama ruwa, zubarwa ake. Kuma waccan kalmar vol da ke jikin kwalba daga nan ta samo asali, 10 vol na nufin kowane mil ɗaya yana sakin mil 10 na iska, 20 vol kuma mil 20, ka ga kenan wanda ya haɗiye murfi guda na mai 6% ya tura wa cikinsa iska mai yawa.

Amfanin kumfar shi ne tana ɗago dattin abinci da mataccen nama daga lungunan da buroshi ba ya shiga, sannan yawancin ƙwayoyin cutar da ke ɓuya ƙarƙashin dasashi suna sa wari irin waɗanda ba sa son iskar oksijin ne, to ya kai musu abin da suka ƙi. Shi yasa yake taimakawa idan dasashi ya ɗan kumbura yana jini, ko ƙananan ƙurajen nan masu farin kai da ke fitowa cikin leɓe da gefen harshe, ko ka ciji kumatu, ko haƙorin roba ko wayar gyaran haƙori ta goge maka wuri. Akwai kuma wani ciwon dasashi mai tsanani da naman tsakanin haƙora ke ruɓewa da wari mai ƙarfi, a nan likita kan haɗa shi da maganin sha, amma wannan aikin likita ne ba na gida ba.

Abin da ba ya yi kuma ya fi yawa. Haƙorin da ya yi kogo, wanda muke cewa tsutsa ta ci, ko tulu guda ka kurkure da shi ramin na nan, sai an cike ko an cire. Kumburin da ya tara mugunya har kumatu ya tashi, ruwan kurkure baki ba ya kaiwa can. Wannan dauɗar mai tauri kamar dutse da ke manne a gindin haƙoran ƙasa ta ciki, wadda ita ce asalin jinin dasashi ga mutane da yawa, ni ma tawa ita ce, ba ta narkewa, sai likita ya kankare ta da na'ura, kuma wallahi ranar da aka kankare min na gane duk wahalar da na sha a banza na sha, cikin sati jinin ya tsaya. Warin baki ma in daga hanci yake ko maƙogwaro ko ciki ko ciwon suga, za ka ji sauƙi na awa biyu ya dawo.

Maganar farin haƙori kuwa, gaskiya ne mayukan da likitoci ke faranta haƙora da su akwai wannan sinadarin a ciki, amma ana shafa shi ne a kan haƙori kaɗai bayan an kare dasashi, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a sayar wa mutum kai tsaye da kayan faranta haƙori da ya haura 0.1% ba, daga nan zuwa 6% sai ta hannun likitan haƙori, sama da haka kuma an hana. Kurkurar minti ɗaya ba za ta cire jan goro na shekara ashirin ba, ko na taba, ko na shayi. Kuma waɗancan haɗe-haɗen da ke yawo a TikTok, a kwaɓa haidirojin da lemun tsami da gawayi ko toka a dirje haƙora, ina roƙonku ku bari, lemun tsami yana laushe ɓawon haƙori gawayi kuma ya kankare shi, shi kuma ɓawon nan in ya tafi ba ya dawowa, ƙarshe ma haƙorin ya ƙara yin rawaya domin na cikin ne ya bayyana. Kar a haɗa shi da ruwan khal, kar a haɗa shi da Hypo ko Jik ko a wajen wanki ne, shi da ruwa kawai.

Wanda aka cire wa haƙori yau, kar ya kurkure da komai har sai awa 24 ta wuce, bayan nan ma ruwan gishiri ne a hankali, domin jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin wurin, in kumfa ta ɗaga shi ƙashi zai fito fili kuma wannan ciwon ya fi na haƙorin da aka cire. Tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki da haɗiya ke ba shi wahala, a bar shi. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita ko ma'aikacin lafiya tukuna. Kuma in gaskiya za a bi, mafi yawan ƙananan ciwon baki rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi ya wadatar, ga arha ga shi ko an haɗiye kaɗan ba damuwa, ni yanzu shi nake fara yi, sai in bai yi ba in ɗauko kwalbar.

In tsautsayi ya sa ka haɗiye ɗan kaɗan na sirkakken, kar ka firgita, za ka iya jin tashin zuciya ko gyatsa ko cikinka ya ɗan kumbura, kurɓi ruwa kaɗan kaɗan zai wuce. Amma in yaro ne ya ɗaga kwalbar ya sha, ko an sha irin na salun ko na masana'antu, asibiti kai tsaye kuma a tafi da kwalbar a hannu. Kar a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kar a tsaya ɗura masa manja kamar yadda aka saba, kumfar na iya komawa huhu, mai ƙarfin kuma iskarsa na iya shiga hanyar jini. Shi yasa ajiyarsa ma abin lura ce, ba shi da kala, kamar ruwa yake, in ka juye shi a gorar ruwa ka ajiye yaro ba zai bambance ba. Bar shi a kwalbarsa mai duhu tunda haske da zafi suna kashe shi, ka rufe da kyau, ka sa shi can sama inda hannu ba ya kaiwa, ba kan taga ba kuma ba cikin mota ba.

Kowane irin gyambo a baki da ya kai sati biyu zuwa uku bai warke ba, ko wani farin tabo ko ja da ba ya gogewa, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba a leɓe, a nuna wa likita. Haka kumburin fuska da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, wannan ba ya jiran gobe.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ba su sai da izinin likita, ƙanana kam ba su iya tofarwa ba, haɗiyewa za su yi. Kuma iyaye mata a nan nake son ku ba ni hankalinku, domin akwai cutar noma, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ba sa samun isasshen abinci ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, kuma a yankinmu take, har asibiti guda aka ware mata a Sakkwato, Najeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disambar 2023. Da ɗan ciwon dasashi take farawa, jini kaɗan, wari, yaro yana zubar da yawu ya ƙi cin abinci, daidai irin abin da uwa za ta ce bari in wanke masa da wani abu in ga zuwa jibi, alhali cikin 'yan kwanaki take cin kumatu ta huda. In an kai shi da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita kafin ta taɓa fuska. Idan kin buɗe bakin ɗanki kin ga dasashi ya yi gyambo yana wari, ko kumatu ɗaya ya fara kumbura, goya shi ki nufi asibiti mafi kusa a ranar.